Hannun da Inna Take Miƙawa

Ina cikin aji, na juya wa yara baya ina rubutu a allo, na ji acaɓa ya tsaya daidai bakin taga. Ba a shigo da babur harabar makarantarmu, shi ya sa na waiwaya. Sista ce a baya, maƙwabciyar mahaifiyata, tsohuwar ma'aikaciyar jinya wadda ta bar aiki tun kafin in yi aure. Ban taɓa ganinta a kan acaɓa ba. Kullum cewa take ta ga karaya iri-iri a asibiti, ƙafarta ta ishe ta. Ranar ɗankwalinta ya zame har kafaɗa, ba ta ko gyara ba.

"Tica, fito. Mamanki ta faɗi a kasuwa, an kai ta asibiti."

Na ajiye alli. Ban tuna ko na gaya wa hedimasta ba. Abin da na tuna shi ne ta riƙe mini hannu a bakin ƙofa ta ce, "Ran Asabar ɗin nan na auna ta. Nomal ne, Tica. Allah ya sani nomal ne." Ta sake faɗa muna jiran acaɓa na biyu, ta kuma faɗa a ƙofar asibiti. A lokacin ban kama maganar ba, hankalina yana wurin Inna. Daga baya ne ta zame mini kaya, domin kafin rana ta faɗi na san wani abu game da awon nan nata wanda ita ba ta sani ba, kuma ban san yadda ake gaya wa mutum irinsa ba.

Inna 'yar Awe ce. A can ta tashi cikin matan da ke dafa gishiri, kuma ko da aure ya kawo ta Lafia ba ta rabu da shi ba, sai dai ta koma saye da sayarwa. Rumfarta tana tsakanin masu agushi da masu busasshen kifi. Bayan rasuwar Baba, da gishirin nan ta riƙe mu, ni da ƙanena. Ni ce 'yar fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Ina yarinya “ke” nake. Da na fara koyarwa na zama Malama, kuma tana da yadda take jan kalmar, har ba ka gane ko yabo ne ko tsokana.

Sista kuwa mutuniyar Eggon ce, Kirista, katanga ɗaya ta raba gidanta da namu. Sunan aiki ne ya bi ta har gida, duk unguwa Sista ake ce mata, har jikokinta. Tsakaninta da Inna akwai gardamar da ba ta ƙarewa a kan wace ce babba. Babu mai takardar haihuwa a cikinsu. Inna tana lissafi da wata shekara da aka yi fara, Sista tana lissafi da lokacin da aka gina cocin ƙauyensu, kuma babu yadda za a yi a haɗa lissafin biyu. In Inna tana son a yi mata wani abu, sai ta yarda Sista ce babba. In an gama, ta janye.

Shekarar da aka ba mu jiha, garin ya cika da baƙin ma'aikata, kasuwa ta buɗe, gishirin leda kuma ya fara cin kasuwar na Awe. A shekarar ne Inna ta fara ciwon kai mai kama ƙeya. Da ƙyar muka kai ta asibiti, aka ce hawan jini ne, aka ba ta ƙwayoyi, aka ce ta riƙa zuwa awo. Da muka dawo gida ta ce ita ba za ta rufe rumfa ta je ta wuni a layi don a matse mata hannu ba. Sista na jin mu ta katanga. Ba a jima ba sai ga ta da wani dogon akwatin ƙarfe a hammata.

Ma'aunin hawan jini ne irin na da. In an buɗe murfin sai ya miƙe tsaye, da siririn gilashi a jikinsa, da zaiba a ƙasa tana ƙyalli kamar narkakkiyar azurfa. Akwai ƙyallen da ake naɗawa a damtse, da 'yar robar da ake matsawa, da abin saurare da take sawa a kunne. Ina nan ranar, ina tsince shinkafa a tire. Inna na zaune a kan benci, Sista ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna a gefen da ya fi kusa, wanda ya zama gefen hagu, ta kai hannu za ta ɗaga mata hannun riga. Inna ta janye kamar an taɓa ta da wuta.

"Hagu? Ko canji ban taɓa miƙa wa yaro da hagu ba, sai ke da kika girme ni?"

Sista ta ce to yau dai an yarda ita ce babba, a rubuta. Ta ce a asibiti babu ruwansu da hagu da dama. Inna ta ce ai nan ba asibiti ba ne, gidanta ne, kuma uwarta ba ta haife ta don ta miƙa wa baƙo hagu ba. Suka yi dariya, ni ma na yi. Sista ta ɗauki kujerarta ta zagaya ɗaya gefen. Shi ke nan abin da ya faru. Tun daga ranar, in za a yi awo, a gefen dama ake ajiye kujerar.

A hankali abin ya zama na unguwa. Kowace Asabar da hantsi Sista takan fito da bencinta ƙarƙashin mangwaron ƙofar gidanta, mata su taru: Alago, Tibi, Migili, Hausawa, kowa da irin Hausarta. Ba ta karɓar komai. Mai doya ta kawo doya, mai riɗi ta kawo riɗi. Inna kuwa gishiri take kawowa a ƙulle a leda, ta ajiye a gefen akwatin da gangan, Sista ta ce, "Mai gishiri, ke kike sayar musu da ciwon, ni ina aunawa." Inna ta ce ai sai ta gode mata, da babu gishiri da akwatin ya yi tsatsa. Da yake Inna ce take fara zama, kuma kowa ta ga yadda take yi, duk macen da ta zauna a bencin dama take miƙawa. Da ma haka aka tarbiyyantar da mu duka, Musulmi da Kirista. Ba wadda ta taɓa tunanin akwai wani abu a ciki.

Gidan aurena ba nisa, don haka yawancin Asabar ina wurin, ina yi wa Inna wanki ko tsifar kai. A nan na koyi ɗan abin da na sani. Sista ta ce lambobi biyu ne. Na sama shi ne lokacin da zuciya ta tura jini, na ƙasa kuma lokacin da ta saki ta ɗan huta. Inna ta raɗa musu wa da ƙane. In an kwance ƙyallen sai ta ce, "To, yaya wan? Ƙanen fa?" Sista ta ce wan ya cika ɗagawa, a rage masa gishiri. Wani lokaci ta ce sun yi nisa da juna, kuma ba ta son haka, domin in tazarar ta yi yawa alama ce jijiyoyi sun fara tauri, irin na tsufa. Inna ta ce 'yan'uwa da ma haka suke, in sun girma kowa ya kama gabansa.

Shekarun farko wan nan ya ba mu wahala. Yakan hau, a canza ƙwaya, ya ɗan sauka, ya sake hawa. Sai kuma, ban iya cewa daga yaushe ba, ya fara sauka da kansa. Wata bayan wata Sista tana cire abin kunnenta tana murmushi. A asibiti ma, ranakun da muka samu muka ja ta, abin da suka gani ke nan, domin can ma dama take miƙawa tun kafin a tambaya. Aka rage mata ƙwayoyi, aka sake ragewa. Daga baya ita da kanta ta bar sauran, ta ce mai lafiya ba ya shan magani. Ranar da Sista ta ce awonta ya yi kama da na budurwa, Inna ta dafa miyar agushi da kifi ta aika mata da kwano guda, ta ce a gaya mata da gishirin Awe aka yi, in ta isa kar ta ci.

Akwai ƙananan abubuwa da muka gani, dukanmu, ba mu haɗa su wuri ɗaya ba. Hannunta na dama ya riƙa saurin gajiya. In ta auna mudu kaɗan sai ta sauke shi a cinya tana murza damtse, ta ce tsufa ne. Ko a watan zafi, in ta kama ni da shi sai in ji sanyi kamar ta fito daga wanki. Ciwon ƙeyar bai tafi ba, muka ɗora wa rana da hayaniyar kasuwa. Ita ma Sista, in ta zo kan Inna sai ta danna abin sauraren sosai, ta ɗaga hannu a yi shiru, har ta kori kaji. Takan ce, "Jininki yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai gaida suruki." Inna ta ce jinin mai kunya ne, ba irin na wasu ba.

Haka muka yi shekaru, fiye da goma, har ranar da acaɓan nan ya tsaya a bakin taga.

Mun sami Inna a farke, a kan gadon ɗakin da ake karɓar marasa lafiya na gaggawa, gumi ya jiƙa mata riga. Matan kasuwa biyu da suka kawo ta suna tsaye da takalmanta a hannu. Ta ce tana cikin miƙa wa wata gishiri ta ji kamar an kama zane an yaga a tsakanin kafaɗunta, daga sama har ƙugu. Wata nas ta riga ta auna ta, a dama, ta ce awon bai hau ba, har ma ya ɗan yi ƙasa. Sista ta kalle ni, ta gyaɗa kai. Aka ba mu takardar ruwan da za a ƙara mata da allurai, Sista ta karɓe ta ce ita ta san kantin da ake samu, ni in zauna da uwata. Shi ya sa ba ta nan lokacin da likita ya shigo.

Mutum ne mai matsakaicin shekaru, da furfura kaɗan, da alamar ya gaji. Ya gaida Inna da Hausa. Bai fara da ma'auni ba. Ya kama wuyan hannuwanta biyu a lokaci ɗaya, ya tsaya yana kallon bango, ya daɗe a haka. Sannan ya ce a kawo ma'auni, ya zagaya gefen hagu. Inna, cikin wannan ciwon, ta yi ƙoƙarin juyowa ta ba shi dama.

"Likita, ka yi haƙuri, hagu ne."

"Mama, ni ɗanki ne. Ba ni shi haka."

Ta ba shi, ta kau da kai. Ina kallon zaiba tana hawa, yana ta matsawa, ta wuce inda na saba ganin Sista ta tsaya, ta ci gaba. Ya saki, ya sake. Ya koma dama ya auna da kansa. Ya sa aka nemo babban ƙyalle ya auna a ƙafa. Sai da aka ɗauki hoton ƙirjinta aka kawo, sannan ya kira ni baranda.

Ya yi mini bayani a hankali, da yatsa a kan ƙirjinsa. Ya ce akwai babbar jijiya da ke fita daga zuciya, kaurinta ya kai na tiyon ban ruwa. Takan hau sama, ta lanƙwasa kamar kan sandar tsoho, ta gangara ta baya har ciki. A wurin lanƙwasar ne rassa suke fita, na hannun dama, na kai, na hannun hagu. Ƙarfin jinin da ke cikin babbar jijiyar shi ne abin da ake son sani, amma ba a iya kai ma'auni can, sai a tambayi hannu. In rassan a buɗe suke, dama da hagu kusan abu ɗaya za su faɗa, bambancin kaɗan ne. In kuwa bakin reshe ɗaya ya tsuke, hannun nan zai riƙa ba da lamba ƙasa da gaskiya. Wanda ya fi hawa shi ake yarda da shi. Ya ce hagun Inna ya haura ɗari biyu, ƙafar ma ta goyi bayan hagun. Ya ce yana zaton bangon babbar jijiyar ne ya tsage daga ciki.

Na tambaye shi abin da za a yi. Ya ce aikin ba a yin sa a nan, kuma ko Jos aka nufa bai da tabbacin za ta kai, hanya ce mai gargada. Za su saukar da jinin da allura, su rage mata ciwo, mu ga abin da Allah zai yi.

Sai na tambaye shi tun yaushe hannun daman yake haka.

Ya ce ba zai iya sani ba. Mai yiwuwa tsagewar yau ce ta toshe reshen, jiya lafiyarsa lau. Mai yiwuwa kuma ya daɗe yana tsukewa. Ya tambaya ko hannun yana sanyi ko gajiya, na ce ya yi shekaru. Sannan ya ce wannan yana sa a yi zato, amma zato ne, shi bai ga jijiyar da idonsa ba. Ya ce ya ga waɗanda ba su taɓa fashin magani ba kuma abin ya same su. Ya ce, "Kar ki ɗora wa kowa, Malama. Kar ki ɗora wa kanki." Ban gaya masa akwai wadda za ta ɗora wa kanta ba tare da an ɗora mata ba.

Da na koma ciki Sista ta dawo, tana gyara wa Inna matashi, tana yi wa nas ɗin faɗa a kan yadda ta ɗaure ruwan. Ta tambaye ni abin da likita ya ce. Na ce jijiya ce ta tsage a ƙirji. Ta rufe ido, domin ta san ma'anarsa fiye da ni.

Allurar ta yi aiki, ciwon ya lafa. Washegari da hantsi Inna har ta sha kunu kaɗan. Ƙanena ya iso daga Doma inda yake aiki, ta yi masa magana a kan rufin ɗakinta da ke yoyo, a gyara kafin ruwa ya sauka. Sista na zaune a bakin gado tana yi mata fifita da kwali. Inna ta dube ta ta ce, "Kin gani ko? Ni zan riga ki. Da ma na gaya miki ni ce babba." Sista ta ce ƙarya ne, rashin kunya ce irin ta yara, su shige gaban manya. Tana gama faɗa ta tashi ta fita wai za ta wanke kofi.

Ruwan da ake ƙara mata a dama aka ɗaura shi, an ɗaure hannun a jikin katako. Da muka rage mu biyu, ta lalubo ni da hagu ta riƙe. Ban tuna ta taɓa riƙe ni da shi ba. Yana da ɗumi, irin ɗumin da na sani ina yarinya. Ta ce, "Malama, kin bar 'ya'yan mutane ba karatu." Na ce akwai mai riƙe mini ajin. Ta ce to. Ba ta saki ba har barci ya ɗauke ta. Bayan azahar ta farka ta ce bayanta, ta yi salati, kafin a kira likita ta cika. Allah ya ji ƙanta.

Kwanakin zaman makoki Sista ba ta koma gidanta ba sai kwana. Ta yafa mayafi ta zauna cikin mata, tana karɓar gaisuwa kamar 'yar'uwa, kuma haka kowa ya ɗauke ta. Da aka watse, Asabar ta zo, ba ta fito da benci ba. Ta biyu ma haka. Mata suka riƙa zuwa suna komawa, tana ce musu ma'aunin ya lalace. Daga baya na ji ta ɗauke shi ta kai wani kemis da ke da sabon ma'auni mai batir, ta sa aka auna ta da nata aka auna ta da nasu, aka ga daidai suke. Ta zo ta gaya mini wannan da kanta, a tsakar gidan Inna, ina ninke zannuwan da za a rabar.

Ta ce ma'aunin lafiyarsa lau. Ta ce to kunnenta ne? Ta ce ita ta san irin wannan tsagewar, hawan jini ne ke kawo ta, kuma ita da hannunta ta auna, ba sau ɗaya ba. "Tica, me likitan ya ce? Faɗa mini duka." Na ce ya ce kwana ne ya ƙare. Ta dube ni, ta ce likita ba ya faɗin haka. Na ce wannan ya faɗa. Ta ɗauki wani zane ta taya ni ninkewa.

Na yi ta juya abin. Tsohuwa ce, ita kaɗai a gida, 'ya'yanta duk sun watse. Awon nan shi ne abin da ya rage mata na aikinta, kuma don Inna ta fara shi. In na faɗa, na san inda za ta kai maganar: kujerar da ta ɗauka ta zagaya da ita. In na yi shiru, ita dai ba za ta daina tuhumar kunnenta ba. Na yi tunanin in roƙi likitan ya gaya mata, na ga kamar na kai ta ƙara ne. Na yi tunanin matar fastonsu, na ga maganar za ta zaga unguwa kafin ta iso gare ta.

Da ruwa ya sauka, mata suka matsa mata, har wata Batibiya mai sayar da doya ta zauna a ƙofarta ta ce ba za ta tashi ba sai an auna ta. Sista ta fito da benci. Ina tsaye a ƙofar gidanmu ina kallo. Ta ajiye kujerar a inda take ajiyewa. Mace ta zauna, ta miƙa dama, a naɗa, a matsa, a kwance, ta tashi, wata ta zauna ta miƙa dama. Batibiyar nan ta daɗe tana kukan ciwon kai, na ji Sista ta ce mata nata da sauƙi. Wataƙila da sauƙin ne. Amma ban iya tsayawa na ga ƙarshe ba, na koma ciki.

Asabar ta gaba na jira har mata suka ragu, ta fara naɗe ƙyallen. Na je na zauna a bencin. Ban taɓa zama ba, kullum cewa nake ni yarinya ce. Ta yi murna, ta ce yau Tica ta san ta girma. Ta auna dama, ta faɗa mini lambobin, ta ce ba laifi. Ta kai hannu za ta rufe akwatin, na juya a kan bencin na ɗaga hannun rigata na hagu.

"Tica, hagu kike ba ni? Da uwarki na nan da kin sha mari."

"Ki yi haƙuri, Mama. Likitan ne ya ce a riƙa auna duka biyun. Ko sau ɗaya ne, a ga ko sun yi daidai."

Ta tashi, ta ɗauki kujerar, ta zagayo. Ta naɗa ƙyallen bai zauna ba, sai da ta kwance ta sake. Ta matsa, ta saurara, zaiba ta sauko. Ta ce kusan ɗaya ne da na daman. Ba ta cire abin kunnen ba, ta zauna da shi haka tana kallon gilashin.

Can ta ce, a hankali, kamar ba da ni take ba, "An koya mana wannan. Tun muna makarantar nas. Awon farko, hannu biyu." Ta cire abin kunnen ta ɗora a cinya. "Hannunta yana sanyi. Ina taɓa shi kowane sati."

Na ce, "Mama, ai likitan bai ƙare maganar a nan ba. Ya ce—"

Ta ɗaga hannu, irin yadda take yi in tana son a yi shiru ta saurari jini. "Bari, Tica. Ba yau ba."

Na bari. Muka zauna. Wata mata da ta makara ta iso da goyo tana ba da haƙuri, Sista ta share fuska da gefen zane, ta nuna mata benci, ta ce ta ɗaga hannun riga duka biyu. Matar ta yi dariya ta ce hagu fa? Sista ta ce in ba ta so ta tafi asibiti ta bi layi. Daga ranar haka take yi wa kowa. Batibiyar ma an auna ta duka biyun, nata daidai suke. Mata suka yi ta gunaguni, suna ba da haƙuri kafin su miƙa, har suka saba.

Ni da ita ba abin da ya canza a gaisuwa. Takan aiko mini da mangwaro, in na yi miya in aika mata. Amma duk lokacin da na ɗauko hanyar maganar, tana ganewa tun daga yadda na zauna, sai ta tambayi yarana ko ta tashi duba tukunya. Sau ɗaya na ce mata abin da ya rage ba mai zafi ba ne. Ta ce ta sani, ni 'yar kirki ce, zan nemo mata mai daɗi. Na gane ko na faɗa a ranar, za ta ɗauka lallashi ne.

Da ƙafafunta suka fara kumbura, babban ɗanta ya zo ya tafi da ita ƙauyensu, can wajen duwatsu. Tana nan da rai. Nakan kira wayar jikarta a haɗa mu, mu gaisa, ta tambayi unguwa mace bayan mace. Ba magana ce ta waya ba, kuma na yi niyyar zuwa in an yi hutu. Rabin da ya fi nauyi ta gano shi da kanta. Ɗaya rabin, cewa likitan ma bai san tun yaushe ba, kuma ya ce ko an gano da wuri abin yana iya faruwa, har yanzu ban gaya mata ba.